Gansakuka da ruwan kwata: yadda ake yi a nan Kadis

Baffa, ka tambaya ko gaskiya ne a nan kudancin Sifaniya da gansakuka muke tuƙa mota. Akwai ƙamshin gaskiya, amma gas ne, ba dizal ba. Kuma tsabtace ruwan kwata ne cinikin, gas ɗin gyara ne kawai.

A garin Chiclana na lardin Kadis, kamfanin ruwa na Aqualia ya fara aikin a 2011 da tallafin Tarayyar Turai. Ana tace tarkace daga ruwan masai da na wanka, a sake shi cikin dogayen tafkuna masu siffar filin sukuwa, zurfinsu kamar santimita 30, bai kai gwiwa ba. Farfela na tura ruwan yana zagaye dare da rana. Tsohuwar dabara ce, William Oswald ya fito da ita a Kaliforniya tun shekarun 1950. Gansakuka ta sha rana ta fitar da oksijin, bakteriya su samu na cinye ƙazanta, su mayar wa gansakukar da iskar kabon, ita kuma ta zuƙe sinadaran taki na naitirojin da fosfaros. Ruwan kan yi kwana uku zuwa takwas a ciki, gwargwadon zafi ko hunturu. Kududdufin bayan garinku ba zai yi ba: ga zurfi, ga ruwa a tsaye, ƙasansa duhu, sai wari.

Girbi ne ƙashin bayan wahalar. Lita guda da ka gani kore shar, busasshiyar gansakukar cikinta da ƙyar ta kai rabin giram. Sai an zuba sinadari irin alif ta dunƙule, a hura ƙananan kumfa ta taso sama, a yaɗe ta kamar mai a kan nono. Busar da ita don matso mai yana cin wuta fiye da abin da za a samu, ga shi wadda ta tashi a ruwan kwata ba ta da maiƙo sosai. Don haka da danshinta ake zuba ta a rufaffen tanki mai ɗumin digiri 35, ta ruɓe ta ba da gas mai kusan kashi 60 cikin ɗari na mitan, wato iskar da ke kama wuta. A cire kabon da farar wuta, a matse gas ɗin a tukunyar gas ta mota.

Da tsakar rana gansakuka kan shanye kabon ɗin ruwan, ma'aunin pH, mai nuna tsami ko kanwar ruwa, ya haura 10, bakteriya su yi sanyi. Maganinsa a mayar da kabon ɗin da aka cire daga gas, a riƙe ma'aunin kusa da 8. Akwai kuma wasu mitsitsin halittun ruwa masu kiwon gansakuka. In suka yi yawa, cikin 'yan kwanaki tafki kore ya koma ruwan ƙasa, sai an sake renonsa.