Amsar tambayarka kan ibadar Latin a Ingila

Ɗana na ga saƙonka, kana tambaya wai me ya sa mutanen Ingila na da suke ibada da Latin alhali manomi bai san ko kalma ɗaya ba, al'ada ce ko doka. To da fari dai al'ada ce aka gada, firist ya tsaya gaban bagade ya ba jama'a baya yana karatu, su kuma nasu amin. Dokar hana fassara Littafi Mai Tsarki sai daga baya ta zo, bayan rigima ta ɓarke.

Wanda ya tayar da ƙurar shi ne John Wycliffe, babban malami a jami'ar Oxford. Ya ce coci ta tara dukiya ta wuce kima, ga gonaki ga kuɗin da ake kwasa ana kai wa Paparoma, kuma Littafi Mai Tsarki ya fi maganar kowane Paparoma. A 1377 Paparoma Gregory na 11 ya aiko da takardu yana la'antar ra'ayinsa amma ɗan sarki John na Gaunt ya tsaya masa, kar ka ɗauka don Allah ne kawai, su ma manya idonsu na kan dukiyar. Inda ya ɗebo ruwan dafa kansa shi ne da ya ce gurasar jibi tana nan gurasarta ko bayan firist ya yi addu'a a kai, alhali coci na koyar da cewa tana zama jikin Almasihu, nan fa har Gaunt ya ce masa ya yi shiru. A 1382 aka haramta koyarwarsa a Landan, ya rasu a Lutterworth a 1384.

Almajiransa da ake kira Lollard su suka juya Littafi Mai Tsarki zuwa Ingilishi, lokacin babu injin ɗab'i, da hannu ake kwafa, masaƙa da masu sana'a su taru a gidan wani a rufe ƙofa, mai iya karatu ya karanta saura su haddace. Wannan ne ya tsorata manyan coci. A 1401 aka kafa dokar ƙona ɗan bidi'a da ransa, a shekarar aka ƙona William Sawtrey, wani firist ɗan Lollard, a 1409 kuma Akbishop Arundel ya hana fassara sai da izinin bishop. Shi kansa Wycliffe ba su ƙyale shi ba, a 1428 aka tone ƙasusuwansa aka ƙona aka watsa tokar a kogin Swift, wallahi wannan abin har yau yana min ciwo, mutum ya shekara 44 a kabari!

Duk da haka kwafin fassarar wajen 250 sun tsira, wasu ma a hannun attajirai aka ajiye su ba wanda ya taɓa su, talaka ne aka fi kamawa da shi. Ka gaida mahaifiyarka.