Kafin ka sa sukundireba

Ka tambaye ni me ya sa nake tsayawa neman littafin kamfani kafin in kwance kaya, alhali wasu masu gyara da ido kawai suke buɗewa, kuma aikinsu yana tafiya. To, zauna ka ji, yarona.

Littafin da ake sakowa cikin kwali na mai kaya ne, don ya san kunnawa da canza tasha. Namu shi ne sabis manuwal, wanda kamfani ya rubuta wa masu gyara. A ciki akwai yadda ake kwancewa daki-daki, da zanen kowane ɓangare da mazauninsa, da taswirar yadda wuta ke bi a fanel, wato allon da aka jera ƙananan kayan wuta a kansa, da lambobin kayan gyara.

Ɗauki laftof. Dell da HP da Lenovo suna sa littattafan yawancin kwamfutocinsu a intanet kyauta. Littafin zai fara ce maka ka cire caja, ka raba batir da fanel. Sai sukurori. Kai iri ɗaya kake ganinsu, amma shi zai rubuta M2x3 a nan, M2.5x5 a can: lambar farko kauri ce, ta biyu tsawo a milimita. Ka ɗaura dogo a ramin gajere, sai ya huda fanel ko ya ɓullo ta saman roba. Wani sukurun kuma yana ɓoye a ƙarƙashin robar ƙafa. Wanda bai sani ba, in murfi ya ƙi tashi sai ya sa ƙarfi, ya karya kayan mutane. Haka siraran wayoyin nan masu faɗi, makullin wata ɗagawa ake yi, na wata ja ake yi.

A talabijin kuwa maganar rai ce. Babban kafasita na ɓangaren wuta, wato abin da ke tara caji, yana iya riƙe wajen bolt 300 bayan an zare waya daga soket, tsohuwar talabijin mai ƙeya kuma wutar da ke shiga kwalbarta takan kai bolt 25,000. Sai ka sauke cajin kafasita ta kwan fitila ko rizisto, wato abin da ke rage gudun wuta, ka auna ka tabbata, sannan ka sa hannu. In ka ga alwatika mai alamar motsin rai kusa da wani abu a taswira, irinsa sak za ka mayar. Kada in taɓa ganin ka ɗaure fiyus da waya a shagon nan, gobara kake haɗa wa mai kaya a ɗakinsa.

Amma babban abin da ya sa ba na rabuwa da littafin, awo ne. Mitar awo tana gaya maka wutar da ke wurin, ba ta gaya maka wadda ya kamata a samu ba. Littafi ya ce a ƙafa kaza ta wani abu a fanel bolt 5 ne, kai ka samu 2, to ka kama zaren matsalar. Sai ka bi layin baya a taswira har ka kai ga inda wutar ta faɗi, ko abin da ke janye ta. Wanda ba shi da wannan, canke yake yi: yau ya canza aisi, ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu da yawa, gobe tiransisto, jibi ya ce fanel ya mutu, duk da kuɗin mai kaya. Talabijin ɗin Sony ma ƙyafta jar fitilarta take yi, ka ƙirga sau nawa, littafi ya faɗa maka ɓangaren da ke ciwo.

Wajen nema, kwafi lambar samfurin da ke bayan kaya gaba ɗaya, har haruffan ƙarshe, sannan ka haɗa da lambar da ke jikin fanel, don samfuri ɗaya kan zo da fanel daban-daban. Irin ƙananan kayan China da ba su da littafi, karanta lambar babban aisi ka nemi takardar bayaninsa. Kana kwancewa kana ɗaukar hoto da wayarka, kana jera sukurori a kan takarda bi da bi.

Tashi ka juyo waccan talabijin ta kan benci, ka karanto mini lambarta mu nema tare.