Amsa: Kamfani ya ƙi biyan kuɗin kaya, sai na ɗauki lauya?

Ɗan'uwa, ka ce ka kai wa wani kamfani buhunan shinkafa, wata bakwai ke nan ba su biya ba, kana tunanin kai su wurin 'yan sanda ko ka nemi lauya.

Maganar 'yan sanda ka ajiye ta. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. In ka sa aka tsare wani kan bashi, yana iya juyowa ya kai ka ƙara kan tauye masa haƙƙi, ka ga an bar jaki ana dukan taiki. Sai dai in cekin bogi suka ba ka, wannan laifi ne daban.

Nemi lauyan da ya saba da shari'ar kasuwanci. Kafin ka je, tattara rasit, takardar isar da kaya, bayanan banki, har saƙonnin WhatsApp, kada ka goge ko ɗaya. Abin da zai fara yi shi ne rubuta musu wasiƙar neman biya, kuma wallahi sau da yawa a nan ake gamawa. Ya kuma duba ainihin sunan da suka yi rajista da shi a CAC (hukumar yi wa kamfanoni rajista), domin kuskuren suna kaɗai yana iya rushe ƙara.

Tunda a Kano kake, tambaye shi batun sulhu a Multi-Door Courthouse (cibiyar sasanta rikici ba tare da shari'a ba) kafin Babbar Kotu. Kuɗin aikinsa kuwa, ku yi shi a rubuce tun ranar farko.