Tsohuwar Amiga da Katin Hoto na Zamani

Tambaya: Malam, ina da kwamfutar Amiga 2000, wadda kamfanin Commodore ya fitar a 1987. Zan iya sa mata katin hoto na zamani, wato na'urar da ke sarrafa hoton da ke fita kan allo?

Amsa: Katunan hoto na yau, irin na kamfanin Nvidia, ba za su shiga ba, domin ramukan faɗaɗa na'urarka tsohon nau'i ne na Amiga mai suna Zorro II. Akwai dai katin ZZ9000 na kamfanin MNT da ke Jamus, wanda aka ƙera musamman domin waɗannan ramuka, yana kuma kai hoto tsaf kan allon zamani ta Picasso96, manhajar da ke sarrafa katunan hoto a Amiga. Sai dai tsofaffin wasanni ba za su ƙara sauri ba, saboda kai tsaye suke aiki da kayan hoton na'urar na asali. Ina roƙonka ka fara gwada lafiyar akwatin wutarta kafin ka ɗora mata sabon nauyi.