Mece ce "Kyrie eleison", kuma me ya sa ake jan ta haka?

Tambaya: Malam, ina cikin ƙungiyar mawaƙan cocinmu. Ana koya mana "Kyrie eleison", an ce Latin ce. Me take nufi, kuma me ya sa ake ta nanata ta?

Amsa: 'Yar'uwa, wanda ya ce miki Latin ce ya ɗan kuskure. Helenanci ne, ma'anarsa "Ya Ubangiji, ka yi jinƙai". Ko da sujadar cocin Roma ta koma harshen Latin, waɗannan kalmomi biyu an bar su yadda suke.

Asalinta kukan mabukaci ne. Ki buɗe Matiyu 20:30: makafi biyu zaune a bakin hanyar Yariko, suka ji Yesu na wucewa, suka ɗaga murya da wannan roƙo. Jama'a na tsawata musu, su kuwa sai ƙara ihu suke yi. Haka macen Kan'ana ta yi a Matiyu 15:22 saboda 'yarta. Mai roƙo irin wannan ba ya faɗa sau ɗaya ya yi shiru, nanatawar daga nan take.

Wata mai ziyara, Egeria, da ta je Urushalima wajen shekara ta 381 zuwa 384, ta rubuta cewa dikon, wato mataimakin limamin coci, na kiran sunayen waɗanda ake yi wa addu'a, yara kuma na amsawa da Kyrie eleison. Fafaroma Gregory Babba (590 zuwa 604) ya ambata cewa a Roma suna ƙara "Christe eleison", wato "Ya Almasihu, ka yi jinƙai", abin da Helenawa ba sa yi. Daga baya tsari ya tsaya a kan faɗa sau tara, Kyrie uku, Christe uku, Kyrie uku, har littafin sujada na cocin Roma na 1970 ya mai da shi shida. Kiristoci Kibɗawa na Masar kuwa sau 41 suke faɗa.

Ja kuma aikin mawaƙa ne. Kalmomin kaɗan ne, sai aka riƙa shimfiɗa wasali ɗaya a kan sautukan waƙa masu yawa. Kyrie ta farko a cikin waƙar sujadar da Bach, mawaƙin Jamus, ya rubuta a 1733 tana cin kusan minti goma. A Kongo, waƙar sujada mai suna Missa Luba ta 1958 ta ɗora kalmomin a kan ganga, mai ba da waƙa na bayarwa, 'yan amshi na karɓa. Ni dai wannan ta fi kwanta mini, don ta fi kusa da yaran nan na Urushalima.

In za ki rera, ki raba ta gaɓa-gaɓa: e-le-i-son, kada ki haɗiye "i" ɗin.