Amsar tambayar Hajiya a kan jinjirin da aka ɗinke wa hanyar abinci

Assalamu alaikum jama'ar gurup. Hajiya, na saurari muryarki a kan jikanki da aka haifa hanyar abincinsa a toshe, aka yi mishi aiki, yanzu wata 7 an fara kunu yana ƙwarewa, ga tari. To, ki saurara da kyau.

Abin da ke faruwa tun cikin ciki, bututun da ke kai abinci tumbi bai haɗe ba. Sashensa na sama ya tsaya kamar aljihu, na ƙasa kuma, ga yara wajen 85 cikin 100 masu wannan lalura, manne yake da hanyar numfashi. Likita ya raba shi da hanyar numfashin, ya ɗinke na sama da na ƙasa. Amma wurin ɗinkin yana yin tabo, tabo kuwa tsukewa yake, kuma a shekarar farko ya fi yin haka. Nono ruwa ne, yana wucewa. Sai an zo kan abu mai kauri matsala take fitowa.

Ki lura da shi in yana ci. Idan yana daɗewa fiye da da, yana miƙe wuya, miyau na dalala, ko abincin ya dawo yadda ya shiga babu tsami, to wurin ya ƙuntata. A mai da shi wajen likitan da ya yi aikin. Za su ba shi wani ruwa ya sha a ɗauki radiyo, wato hoton cikin jiki, in ya tsuke a sa mishi maganin barci a buɗa da balan-balan. Wani sau ɗaya, wani sai an maimaita, ba lalacewar aiki ba ce.

Maganin tsamin ciki, omeprazole, ana ba su har shekara guda ko da yaro bai amai, don ruwan tumbi in yana hawowa shi ke ƙone ɗinkin ya ƙara tsuke shi. Mutane sun cika yankewa da kansu in sun ga yaro ya yi ƙiba. Kada ku yi. Bayan ya ci, a riƙe shi a miƙe minti 30.

Abinci kuma a bi sannu: koko tatacce, kunu, dankalin hausa a dame sosai, kaɗan-kaɗan, yana zaune, ruwa a kusa. Tsokar nama, kilishi, gyaɗa, ɗan wake da cikin burodi su ne masu maƙalewa, sai haƙora sun fito ya iya tauna. In loma ta tsaya har miyau bai wucewa, ba a tura yatsa, ba a ɗura ruwa, asibiti kawai.

Tarin nan mai ƙara kamar haushin kare, hanyar numfashinsu ce mai taushi, tana ƙarfi da girma. Don Allah kada a ce beli ne a kira wanzami. Amma in yana tari duk lokacin da ya sha ruwa, leɓe na yin shuɗi, ko ciwon haƙarƙari na dawowa, wataƙila ƙofar da aka rufe tsakanin hanyar abinci da ta numfashi ce ta sake buɗewa, wannan ba a kwana da shi.

Sannan Hajiya, an duba mishi zuciya da ƙoda da eko, wato na'urar leƙa cikin jiki? Kusan rabin yaran nan suna zuwa da wata matsalar daban. Ku riƙe takardar aikin da karne ɗinsa, a auna nauyi kowane wata, rigakafi kada ya wuce. Allah ya raya shi.