Yarona ya dage sai ya zana babban farin kifin shak, ta ina zan fara koya masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Yarona ɗan shekara 7 ne, tunda ya kalli wani shirin dabbobin teku ya ga babban farin kifin shak ɗin nan shikenan ba shi da zance sai nashi. Kullum yana cikin zana shi amma sai ya fito kamar kowane kifi an dai ƙara masa haƙora, in ya zo wajen kala kuma sai ya bar shi fari fat tunda an ce masa fari ne, daga nan sai fushi ya yaga takardar. Ni kuma gaskiya ban iya zane ba. Ya zan yi in taimaka masa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Ki kwantar da hankalinki, wannan fushin da yake yi alama ce idonsa ya fara ganin bambanci tsakanin abin da ya gani da abin da hannunsa ya zana, kuma yara da yawa a wannan shekarun haka suke. Rashin iya zanenki ma ba matsala ba ne, dan abin da ya fi buƙata a wajenki shi ne ki koya masa kallo. Ki nemo hoton kifin na gaske guda ɗaya wanda aka ɗauka ta gefe, ba na katun ba, ki ajiye a gabansa kuna kallo tare kina tambayarsa, ina bakin yake? fiffike nawa ka gani a bayansa? kafin ma a taɓa fensir.

Toh bari in fara da maganar kala tunda nan ne sunan ya yaudare shi. Wannan kifin cikinsa ne kawai fari, bayansa ruwan toka ne mai duhu, wani har da ɗan shuɗi-shuɗi ko ƙasa-ƙasa a ciki. Kuma akwai dalili, ki gaya masa dan yara suna son dalili sosai. Duk abin da ke samansa in ya leƙo ƙasa, duhun bayan kifin ya saje da duhun zurfin ruwa, wanda ke ƙarƙashinsa kuma in ya ɗaga kai farin cikin ya saje da hasken rana da ke saman ruwa, kinga ta ko'ina ba a saurin ganinsa, da haka yake lallaɓowa wajen farauta. Na lura yaron da ya fahimci wannan ba ya sake mantawa da inda zai sa duhu da inda zai bar haske. Layin da ya raba duhun da farin kuma ba miƙaƙƙe ba ne kamar an sa rula, a karkace yake yana hawa yana sauka kamar gefen yagaggiyar takarda, kuma kowane kifi da irin nasa, masu bincike a irin su Afirka ta Kudu da Ostireliya da gaɓar Kalifoniya suna amfani da wannan zanen jikin da kuma siffar fiffiken baya wajen gane wannan kifin daga wancan. Ma'ana in layin yaronki ya karkace daidai ya yi, kar a goge.

Yanzu zanen kansa. Kusan duk yaro da haƙora yake farawa, shi ya sa kan ke cinye rabin takarda jiki ya rasa wajen zama. Ki ce masa haƙora su ne na ƙarshe. Ya kwantar da takardar a kwance, ya zana dogon ganye mai kauri a tsakiya, gaba da ɗan tsini, baya ya tsuke sosai, kuma ya riƙe fensir sakwa-sakwa kar ya danna dan kilina ta iya ɗaukewa. Kaurin nan yana da muhimmanci, kifin nan jibgege ne, in aka zana shi siriri sai ya koma wani kifin daban.

Sai wutsiya, ita ce ta fi bambanta shi. Kamar jinjirin wata take a tsaye, reshen sama da na ƙasa sun kusa zama tsawo ɗaya, kuma gefe da gefe yake kaɗa ta. Ta dolfin, wata dabbar teku mai kama da kifi, ita ce ke kwance yana kaɗa ta sama da ƙasa, yara suna yawan haɗa su. A tsakiyar baya ya ɗora babban fiffike mai kusurwa uku wanda ya ɗan jingina baya, can kusa da wutsiya kuma akwai wani ɗan mitsitsi a sama da wani a ƙasa, da wasu matsakaita a ƙasan ciki. Na gefe guda biyu dogaye ne kamar fuka-fukin jirgin sama, in ana ganin ƙarƙashinsu tsinin ƙarshensu baƙi ne. A gaban wannan fiffiken na gefe ya ja tsaga guda 5 a jere masu ɗan lanƙwasa, ta nan yake numfashi, ku ƙirga tare da shi a hoton.

Baki kuma ba a kan tsinin gaba yake ba, a ƙarƙashin hanci yake, hancin ya yi gaba ya bar shi a baya. Wannan gyaran kaɗai in ya yi za ki ga zanen ya canza gaba ɗaya. Ido ƙarami ne, da'ira baƙa, ya bar ɗan ɗigon fari a ciki dan ya yi rai. Sai a zo kan haƙoran da yake ta jira. Na sama faffaɗa ne masu kusurwa uku, gefensu kamar bakin zarto, na ƙasa sun fi sirantaka. Kifin yana da haƙora wajen 300 a jere-jere, in na gaba ya faɗi na baya ya matso, amma a takarda bakwai ko takwas a sama da irinsu a ƙasa sun isa, in suka yi yawa baki sai ya cunkushe.

Wajen shafa kala, cikin kifin kar a sa masa komai, farin takardar shi ne kalarsa. Bayan kuma ya fara da ruwan toka sama-sama yana bin tsawon jikin daga kai zuwa wutsiya ta hanya ɗaya, sannan ya ƙara wani shafin a can saman baya dan ya fi duhu, in yana so ya ɗan ratsa shuɗi kaɗan a kai. In babu ruwan toka a cikin kalolinsa, fensir na rubutu ma ya wadatar, ya kwantar da bakinsa ya shafa sannan ya murza da yatsa ko tishu, yana bada laushi mai kyau ƙwarai. Abin da ake yawan mantawa shi ne ruwan. In ba a shafa shuɗi a kewayen kifin ba farin cikin ba zai fito ba, zai ɓace cikin takarda, dan haka ya cika kewayen kifin da shuɗi, mai haske a sama mai duhu a ƙasa.

Wani abu da nake so ki gwada, ki samo igiya ki auna mita 4 da rabi a ƙasa ya kwanta a gefenta, ki ce masa haka tsawon babba yake, matan ma sun fi mazan girma wasu har kusan mita 6, kuma duk girman nan babu ƙashi a jikinsa sai guringuntsi irin na kunnensa, ya taɓa kunnen ya ji. Bayan nan in ya zana ɗan ƙaramin mutum mai ninƙaya a gefen kifin zai san yadda zai daidaita su.

Roƙona a gare ki ɗaya, dan Allah kar ki karɓi fensir daga hannunsa ki gyara masa a kan takardarsa, ko da kin ga wutsiyar ta karkace. Ki ɗauki taki takardar ki zauna kusa da shi kina yin naki, in zai duba ya duba. Maganar yagawa kuma ku yi yarjejeniya, duk zanen da bai masa ba a rubuta kwanan wata a bayansa a ajiye a fayil, bayan sati biyu ku fito da na farko da na ƙarshe ku jera su ya gani da idonsa.